Fansar Bawan Ƙarfe

Ga ta nan, ta wani mutum ce mai suna Kaleb, wanda bakinsa ke riga hannunsa isa ko'ina.

Wajen ƙarshen shekarun alif ɗari tara da casa'in, akwai wani ƙaramin asibitin mishan a cikin kwari, nesa kaɗan da hanyar da ta tashi daga Madawa ta nufi Buza. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi aiki a can sun riga mu gidan gaskiya, iccen bedin da ake shan shayi a ƙarƙashinsa ma an sare shi. A can Kaleb yake sakatare, yana buga takardu da yatsa biyu. Amma tun ranar da wata baƙuwa ta bar shi ya kunna mata ordinata, wato kwamfuta, ya kuma kashe, sai ya hana kowa kiransa sakatare. Ya ce sunansa Injiniya.

Wata shekara ƴan'uwa na ƙasar waje suka aiko wa asibitin kyauta: manyan injina biyu irin waɗanda ake kira serbar, da akwatin ƙarfe guda. A cikin akwatin akwai diski, wato faifan da ake ajiye komai a kansa, sunayen marasa lafiya, ranar da kowa zai dawo, da magungunan da suka rage a farmasi. Wani saurayin Bature ya biyo kayan don ya haɗa su. Ya ajiye su a wani ɗaki mai sanyi, ya ja wayoyi zuwa biro-biro, wato ofisoshi, aiki ya fara tafiya, sai zazzaɓin sauro ya kayar da shi.

Kafin a ɗauke shi zuwa Abijan inda ofishinsu yake, ya kira Kaleb yana rawar ɗari, ya yi masa bayani da Faransanci. Ya ce faifai ɗaya ne, inji biyu. Ɗaya ne kaɗai zai riƙa taɓa faifan, shi ake ce wa maître, wato ubangida. Na biyun, esclave, zaune kawai yake yana jira. Ya nuna wata siririyar waya shuɗiya da ta haɗa bayan wannan da bayan wancan, ya ce ta nan mai jira yake jin numfashin mai aiki. Duk ranar da numfashin ya ɗauke, zai san ɗan'uwansa ya mutu, ya karɓi faifan, aiki ya ci gaba kamar ba a yi komai ba. Abu ɗaya ne haramun: su biyun su sa hannu a faifan tare.

Kaleb bai bari ya kai ƙarshen kowace magana ba. Ya yi ta gyaɗa kai yana cewa ai duk wannan ya sani, har ma shi da zai yi haka zai yi. Daga cikin bayanin kaf, kalma biyu ya riƙe.

Shugaban asibitin, Lokotoro Bulus, mutum ne mai ƙarancin magana. Ya kira Kaleb ya gaya masa cewa jirgin mishan zai sauka ƙarshen wata, kuma akwai kujera ɗaya a cikinsa ta wanda za a tura Abijan istaj, ya koyo aikin injinan nan da kyau. Idan Kaleb ya kula da su lafiya, ya kuma nuna wa kwamitin asibiti yadda ɗaya ke karɓar aiki in ɗaya ya faɗi, kujerar tasa ce. Da ya gama faɗin haka sai ya shiga mota ya tafi wani dogon taro a Tawa.

Kafin ƙurar motar ta kwanta, babu wanda bai san Injiniya zai hau jirgi ba. Matarsa Lai'atu ta fara dakan dakuwa ta guzuri. Shi kuwa ya zauna a ƙarƙashin bedi yana koya wa mutane ilimin serbar, yana zana shi a ƙasa da tsinke.

Cikin masu sauraro akwai Maiguwa, dattijo mutumin Garhanga, manomi da damina, mai kula da grup, injin ba da wuta, da rani. Ya ajiye kofin shayinsa.

"Injiniya, mi ka ce sunan na biyun?"

"Esklab. Faransanci na, Baba, ba ka ganewa."

"Duk cikin Faransanci wanga ɗai na sani," in ji Maiguwa. "Bakin masu taron siyasa na ji shi. Bawa ke nan."

Maiguwa ya ba da labarin kakansa, wanda ya yi ta jan ruwa wa raƙuman mutanen arewa har tafin hannunsa ya koma kamar kofato, wanda kuma in ya noma gero sai a zo da taiki a kwashe a bar masa kara. Rabin waɗanda ke zaune a wurin suna da irin wannan kakan. Ya ce ya ɗauka wannan zamanin ya wuce, ashe cikin asibiti, inda ake ambaton Allah safe da marece, an kulle bawa a ɗaki shi kuma yana ba shi wuta da hannunsa.

Magana ta fita ƙofar asibiti ta shiga kasuwa, kuma a hanya ta yi ƙiba. Washegari da hantsi Goggo Cima mai fura ta iso da ƙwarya a ka, mutane na biye da ita, ta ce a buɗe mata ta ba bawan nan abin da zai jiƙa maƙogwaro, tunda ta ji an ce ko abinci ba a ba shi. Da aka hana ta shiga sai ta leƙa ta taga. Ta ga akwatuna, ta ga wayar nan shuɗiya a tsakani, ta juyo ta gaya wa jama'a ta ga igiyar da idonta.

Kaleb ya so ya yi dariya ya ce ƙarfe ne kawai. Amma shi tun da aka haife shi bai taɓa ganin taro ya bar ƙafarsa a ƙasa ba. Ya hau benci. Ya ce shi ma tun ranar farko abin nan ya tsaya masa a rai, har ya gaya wa Baturen ido da ido, kuma wanda ya ce zazzaɓin nan na sauro ne kaɗai bai san abin da aka yi ba. Ya ɗebo daga wa'azin Lahadi, ya ƙara da na masu neman ƙuri'a, ya ce muddin shi ne Injiniya babu bawa a asibitin nan, ko na jini ko na ƙarfe.

Ya buɗe ɗakin, ya sa mutane suka cika ƙofa, ya kama wayar da yatsa biyu ya cire ta. Nan take Bawa ya daina jin numfashin Ubangida, ya ɗauka ya mutu, ya miƙa hannu ya kama faifan. Ubangida kuwa yana nan da ransa, bai saki ba. Fitilun injinan biyu suka fara ƙiftawa tare, akwatin faifai ya ɗauki wani gurnani da bai saba yi ba.

"Kun ji?" in ji Kaleb. "Murna yake."

Goggo Cima ta rangaɗa guɗa. Maiguwa ya ce a al'ada wanda aka fansa sai an raɗa masa sabon suna, kuma tunda kamarsu ɗaya, tsayinsu ɗaya, ai tagwaye ne. Aka sa wa tsohon ubangida Alhasan, aka sa wa ƴantacce Alhusaini. Tagwaye kuwa a ƙwarya ɗaya suke ci, kowa ya sani. Kaleb ya miƙa wa Maiguwa wayar ya ce ya riƙe ta don jikoki su gani. Aka shanye furar a madadin mai ita.

Daga ranar, duk abin da aka buga a wani biro, in ya faɗa hannun Alhasan sai ya rubuta shi a faifai, Alhusaini kuma ya zo da nasa ya rubuta a kai, kowannensu yana ganin shi kaɗai ne a gidan.

Na farkon da abin ya shafa wani tsoho ne da ya zo daga Keita a duba masa ido. A wurin rajista inji ya fitar masa da takarda, takardar ta ce ya tafi awon ciki. Tsohon mutum ne mai girmama hukuma. Ya je ya zauna a layin mata da sandarsa, ya ce tunda inji ya faɗa, shi wane ne. Ungozoma ta sha wahala kafin ta tashe shi, don ya ce ba zai rasa layinsa ba.

Ta biyu ita ce Madam Rahila mai farmasi, wadda ta goyi Kaleb yana ƙarami a unguwar coci, don haka ba ta taɓa kiransa Injiniya ba. Da safe inji ya gaya mata kinin ya cika ɗaki. Kafin azahar ya ce babu ko ƙwaya. Ta aika aka kira shi, ya tarar da ita zaune a kan kwalin maganin.

"Ƙanena, zo ka gaya ma ɗiyanka kinin na nan, ga ni bisa shi zaune."

"Wanne cikinsu ya hwaɗi babu?"

"Ina na sani? Ni na yanke musu cibi?"

"Yaya, farkon ƴanci haka yake. Ƙasa ma lokacin Konferans, babban taron ƙasa, ba kowa ka magana lokaci guda ba?"

"Ƙasa ba ta yi ma tsoho ciki ba," in ji ta. Ta ce in Lokotoro ya dawo da bakinta zai fara gaisawa, kafin nan kuma ita takardar hannun likita kaɗai za ta bi.

Kaleb ya koma ɗakin sanyi ya yi nazari, ya gano ciwon. Kishi ne. Akwatin faifai ya fi kusa da Alhasan. Ya samo zare ya auna, ya ja akwatin a kan siminti yana cikin aiki har ya kawo shi tsakiya daidai. Gurnani ya sami ƙari, wani ɗan ƙas-ƙas kamar ɓera a rumbu. Washegari ma'aikacin ɗakin gwaji ya zo yana tambaya yadda aka yi mutum guda yake da jini iri uku.

Sai Kaleb ya ce to ba nisa ba ne, ido ne. Kowanne yana kallon lomar ɗan'uwansa. Ya aro zana daga gidan Maiguwa ya kafa ta a tsakaninsu. Zana ta tare iskar da ke sanyaya su, Alhasan ya yi zafi har ba a iya ɗora masa hannu. Kaleb ya ce fushi ne na wanda aka ƙwace wa sarauta, zai huce, ya jiƙa buhu ya rataya a kusa da shi. A ranar ne inji ya sallami dukan marasa lafiyar ɗakin maza, ya kwantar da mai wanki.

Dabara ta uku ta kusa yin amfani, ba don Kaleb ya san dalili ba. Ya ce a yi musu layi kamar na rijiya, Alhasan ya ci da safe, Alhusaini da marece, wanda ba lokacinsa ba a zare masa wuta. Maiguwa bai so ba. Ya ce yaron nan bai daɗe da fita wahala ba za a mayar da shi duhu, kuma tagwaye ba a yi wa ɗaya abin da ba a yi wa ɗaya ba, in ba haka ba su turo wa mutum kunama. Kaleb ya ce wannan camfi ne na waɗanda ba su je lakwal sun yi boko ba, ya sa shi ya zare wa Alhusaini wuta. Maiguwa ya zare, ya koma ɗakin grup, ya sa hannu zai ɗauko tsumma, kunama ta harbe shi a babban yatsa.

Shi da kansa, da hannun a kumbure, ya zo ya mayar da wutar. Bayan wannan ko mai shara ba ya yarda ya matsa kusa da wayoyin ɗakin. Kaleb ma, da ya ce camfi ne, ya koma kakkaɓe takalmi sau biyu kafin ya sa.

Duk da haka bakinsa bai mutu ba. A ƙarƙashin bedi yana karɓar saƙonni: wannan a sayo masa agogo, wancan a gano masa ko da gaske teku ba ta da ƙarshe. Ya yi alkawarin zai gaishe musu da direban jirgi, zai kuma duba masa injinsa in ya ga yana buƙata.

Lokotoro Bulus ya dawo a safiyar ranar nuni, tare da ƴan kwamiti, bai ko sami zama ba. Madam Rahila ta tare shi a ƙofa, ya ɗaga mata hannu ya ce bayan an gama. Aka cika ɗakin sanyi: dattijo Yosefu shugaban kwamiti, fasto, wakilin sarki, ma'aikata, sauran jama'a kuma a tagogi. Lokotoro ya tsaya yana kallon zana da jiƙaƙƙen buhu.

Kaleb ya yi jawabi mai tsawo. Ya ce abin da za su gani ko a Yamai ba a taɓa yi ba. Yanzu zai kashe Alhasan a gabansu, Alhusaini ya ɗauki aiki ba tare da ko tari ba. Ya durƙusa bayan tebur ya fizge waya. Fankar ɗakin ta tsaya. Ya ce wannan gwaji ne. Ya fizge ta biyu, firjin da ake ajiye ruwan sanyi ya yi shiru. Da ya kai hannu ga ta uku, Maiguwa ya ɗage ƙafafunsa daga ƙasa, na kusa da shi ma suka ɗage, har wakilin sarki, wanda bai san dalili ba amma ya ga kowa na yi.

Fitilar Alhasan ta mutu. Ta Alhusaini ta ci gaba da ƙiftawa, tunda dama bai taɓa dainawa ba. Aka yi tafi. Kaleb ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa, ya dubi Madam Rahila ta gefen ido, yana jin kamar har ya fara hango rufin asibiti daga sama.

Sai dattijo Yosefu ya ce abin ya ƙayatar, kuma tunda shi ma kwanan baya ya zo awon hawan jini, a nemo masa sunansa ya gani. Kaleb ya ce ai wannan kamar shan ruwa ne. Ya buga da yatsa biyu, injin bugawa ya yi ta kuka ya fito da takarda. Idon dattijo ba shi da ƙarfi, ya miƙa wa fasto ya karanta a fili.

Fasto ya karanta a hankali, kamar yadda ya saba. Suna, Yosefu. Namiji ko mace, maganin tari. Garinsu, ɗakin wanki. Nauyi, kilo biyu. Ya ɗan tsaya, ya gyara tabarau, sannan ya ƙarasa: ya rasu, ya dawo awo ranar Litinin.

"To," in ji fasto, "muna da wannan begen, amma ban san an sa rana ba."

Dattijo Yosefu ya tambaya a hankali yaushe ya rasu, kuma me ya sa ba wanda ya gaya wa iyalinsa. Dariyar da ta tashi daga tagogi ba ta kai ga lafawa ba sai akwatin faifai ya yi ƙas-ƙas-ƙas da ƙarfi, ya ja wani dogon nishi, ya yi shiru. Kaleb ya ce hutawa yake. Ya mayar wa Alhasan wuta, ya bubbuga akwatin, ya hura masa iska ta baya. Tagwaye suka tashi suna neman ƙwarya, ƙwarya ta fashe.

Lokotoro Bulus ya ɗage zana, ya leƙa bayan injinan, ya daɗe a can. Da ya ɗago sai ya tambaya ina wayar nan shuɗiya.

"Ga ta nan, Lokotoro," in ji Maiguwa cikin alfahari, ya ɗaga rigarsa. Ya yi mazagin wando da ita. "Igiyar bauta ta. Injiniya ya kwance ta gaban jama'a."

Lokotoro bai yi faɗa ba, wanda kuwa ya fi faɗan zafi. Ya wuce ɗakin rediyo, taron ya bi shi. Ya kira Abijan, aka samo Baturen, wanda ya warke, ya gaya masa abin da mutane suka ce an yi tun daga benci har zana. Rediyon mai ƙara ne, kowa yana ji. Daga can wani sauti ya fito wanda har yau ba a daidaita ba ko kuka ne ko dariya. Daga baya Baturen ya ce kada kowa ya ƙara taɓa komai. A aiko masa da injinan biyu da akwatin a jirgin da ke zuwa, wataƙila ya ceto wani abu daga faifan.

Jirgin ƙarami ne, kuma direbansa mutum ne mai auna ko jakar hannu. Ya ce kujera ɗaya ta rage, nauyin mutum ɗaya, a zaɓa. Kaleb ya ce zai rungume su a cinya. Direba ya ce cinya ba ta rage nauyi. Ya ce zai bar dakuwa, zai bar takalma, zai yi azumi har ranar tashi. Lokotoro Bulus ya dube shi ya ce ya je ya samo igiya mai ƙarfi, ta ɗaurin kaya.

Ranar tafiya duk waɗanda suka shirya raka Injiniya suka fito fili, tunda sun riga sun wanke kaya. Kaleb ne ya ɗauko Alhasan a ka, ya dawo ya ɗauko Alhusaini, ya dawo ya ɗauko akwatin, gumi na zuba. Direba ya jera su a kan kujerar da ke jikin taga, ya zagaya su da ɗamarar kujera ya ɗaure, ya ce wa Kaleb ya matsa baya saboda farfela.

Maiguwa ya tsaya kusa da shi, yana ɗaga wa jirgin hannu, idonsa ya kawo ruwa.

"Allah ya saka maka, Injiniya. Dubi yaron ga. Jiya bawa, yau ga shi bakin taga za shi Abijan. Kakana ko jaki bai hau ba."

Jirgi ya ruga, ya ɗaga, ya yi ta ƙanƙancewa a kan duwatsu. Kaleb ya bi shi da ido har wuyansa ya gaji. Sannan ya juyo ya ga mutane duk shi suke kallo, kuma ga wata tsohuwar ganga a gefen fili. Ya hau.

Ya ce kada kowa ya yi mamaki, haka ya tsara tun farko. Shi istaj ba zai ƙara masa komai ba, abin da za a koyar a can ya riga ya wuce shi. Yaran ne ke da sauran karatu, shi ya sa ya ba su wurinsa.

Madam Rahila ta gyara ɗankwalinta ta ce, "Sauko, ƙanena. Akwai sunayen mutum dubu da za a sake bugawa, kuma yatsunka biyu ne."